Talhon da Ke Shaƙewa da Hantsi

Alhamis, 9 ga Yuli 1998, ƙarfe 5 na yamma

Mutane da yawa suna zaton talhon iska yana magana da kowane gari kai tsaye, kamar yadda rediyo ke kamo tashoshin nesa. Ni ma haka na ɗauka kafin yau. Ɗan Azumi mai gyaran rediyo ya warware mini, yana bisa tsani. Layin na gaske yana Maradi, cikin siton yayana Alhaji Maman, inda aka jona shi da wani akwati. Akwatin ne ke jefo magana ta iska har nan Madarumfa, antan ɗin da muka kafa yau a tsakar gidana ya cafe ta. Antan ɗin ƙarfe ne mai haƙarƙari kamar ƙashin kifi, a kan dogon tiyo, wato bututun ƙarfe. Dole bakinsa ya dubi Maradi. In ya kauce, magana ta wuce ta gefe ba ta same mu ba. Zan yi wa 'yan ajina darasi a kan wannan in an koma lakwal. Za su so shi ƙwarai.

Tun bara talhon yake gidan Alhaji. Ya sa aka ciro shi aka kawo nan don gobe zai tafi Kano bin sawun motarsa, sito kuma a rufe zai zauna. Motar ta tashi da lodin aya zuwa Ikko kwana goma sha biyu da suka wuce. Inusa ne direba, ɗana Ashiru ke rakiyar kaya. Tun shekaranjiya rediyo ke faɗin abin da yake faɗa game da rikicin da ya ɓarke a Ikko. Lambar nan kaɗai Ashiru ya riƙe da ka.

Ɗan Azumi ya yi wa tiyon waldar ɗan hannu daidai kafaɗa, don juya antan, ya ɗaure saman da wayoyi uku. Da ya sauko ya kira ni yadda ake kiran malaman lakwal a nan, ya ce, "Mushe, kar ka bari kowa ya buge shi. Mutanenmu in abu ya ƙi magana sai su mare shi."

"Ni malamin lakwal ne, Ɗan Azumi."

"Ai shi ya sa na faɗa maka."

Na buɗe sabon kaye, littafin rubutu irin na 'yan aji. Zan riƙa ɗaga talhon in saurari kukan layi daƙiƙa biyar kawai, don kar a kira a tarar yana hannu, in ba shi maki bisa ashirin. Yanzu: 17.

Jumma'a, 10 ga Yuli, bayan la'asar

Ƙarfe 7 na safe, 17. Ƙarfe 11, 6. Ƙarfe 1, 5. Yanzu 16. Alhaji ya tafi, ya bar mini makullin sito. Ba wanda ya kira.

Asabar, 11 ga Yuli, ƙarfe 12 na rana

Ya yi ƙara da sha ɗaya da minti arba'in. Na ɗaga, sai shuuu kamar an zuba ɗanyen kifi cikin mai. Can ƙasa akwai muryar namiji. Kalma biyu na kama: "muna nan." Ban ji inda suke ba. Na ce "alo" sau bakwai ko takwas, aka yanke.

Jummai, matata, ta shigo da kumfar sabulu har gwiwar hannu.

"Shi ne?"

"Ban tabbata ba."

"Yaro sittin a aji, wani ya yi tari kana juye da baya ka faɗi sunansa. Amma wanga ba ka tabbata ba."

Ta koma. Maki a lokacin kiran: 4.

Lahadi, 12 ga Yuli, ƙarfe 4 na yamma

Ka'ida ta farko, wadda nake koya wa yara: a canja abu ɗaya a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za a san wanne ya yi aiki ba. Na fara da wuta. Batirin mota ne ke ba talhon wuta. Na kwance kawunansa, na kankare farin garin da ya taru, na ɗaure tamau. Da safe na yi wannan, maki 17. Da hantsi ya faɗi zuwa 6. Ba batir ba ne. Batir in ya raunana ba ya farfaɗowa da kansa da la'asar.

Na ci tuwo. Na gyara ƙafar kujera.

Litinin, 13 ga Yuli

17, 5, 5, 16. Shiru.

Talata, 14 ga Yuli, bayan magariba

An wuni ana ruwa tun asuba. Na shirya rubuta sifili, tunda kowa ya san hadari ba ya shiri da irin waɗannan kaya. Sai ga 18 da safe, 18 da hantsi, 18 da azahar. Layi tas, kamar Maradi tana bayan katanga. Na sake gwadawa sau uku don ina zargin kunnena.

Ke nan ba gajimare ba ne, ba kuma ruwa ke shiga waya ba. Wannan abin sha'awa ne sosai, kuma da a wani lokaci ne da na ji daɗinsa.

Rana mafi kyau tun da aka kafa shi, kuma ba wanda ya kira. Jummai ta wuni a ɗaki tana ninke kaya tana warwarewa.

Laraba, 15 ga Yuli, ƙarfe 3 na rana

Ɗan Azumi ya zo. Ya bi wayar antan taƙi taƙi, ya sake naɗe mahaɗinta da robar tayar keke. Ya ce reshen dogonyaron maƙwabcina Ado yana tsakaninmu da Maradi. Muka je muka roƙi Ado. Ya bari aka sare reshen, amma bai yarda da dalilin ba.

"Mushe, ba icce ba ne. Zahin rana ne. Magana in ta taso daga Maradi da tsakar rana gajiya take, kamar kowa. Kai ka taɓa tahowa daga Maradi a ƙasa da azahar?"

Ɗan Azumi ya ce, "To mu aika mata da amalanke."

Na rubuta ra'ayin Ado a nan don ba ni da wanda ya fi shi. Reshe ya faɗi da sha biyu. Ƙarfe 1: 6.

Da zai tafi, Ado ya tsaya a zaure ya ce duk gari na addu'a. Na ce madalla. Ya ce yaron mai hankali ne, ba ya shiga abin da ba ruwansa. Na ce haka ne. Ado yana cikin waɗanda ke zaune ƙofar masallaci ranar nan ta watan Mayu. Bai ambata ba, ni ma ban ambata ba.

Alhamis, 16 ga Yuli, ƙarfe 6 na yamma

Alhaji ya kira daga Kano, na ji shi sarai. Motoci biyu na mutanen Jibiya sun dawo, tamu ba ta ciki. Ya faɗa mini abin da direbobin suka gani a hanya. Ba na talho ba ne, ba zan sa shi a kayen nan ba. Jummai ta tambaya, na ce Alhaji yana gaishe ta.

Maki 17.

Jumma'a, 17 ga Yuli

Abin da na faɗa wa Ashiru a ƙofar masallaci ranar nan gaskiya ne. Shekara biyu da tsayawar karatunsa a Yamai, yana kwance yana jin kaset. Namiji ya tashi ya nemi abin yi. A gaban mutane ne bai kamata ba.

17, 6, 7, 16.

Asabar, 18 ga Yuli, bayan la'asar

Na je Maradi in duba akwatin, tunda wannan gefen na gama abin da na sani. Na tashi da motar farko. Kafin in fita na zaunar da Jummai gaban talhon, na nuna mata inda ake dannawa. Ta ce ta gani. Na sake nuna mata. Ta ce, "Malam, ba 'yar ajinka ba ce ni."

Siton yana warin aya da gyaɗa. Akwatin yana bisa kanta, fitilarsa kore a kunne. Na share ƙura, na danna kowace waya cikin raminta, na hau rufi na ga antan ɗin can yana duban kudu yadda ya kamata. Wata ƙusa ɗaya na samu ta ɗan saki, na ɗaure ta. Na tsaya a rufin fiye da yadda aikin ke buƙata. Daga can ana ganin hanyar Ɗan Isa, manyan motoci na shigowa ɗaya bayan ɗaya, duk ba launin tamu ba.

Na dawo ƙarfe biyu da rabi, lokacin da ya saba shaƙewa. 18. Jummai ta ce ba ta tashi daga wurin ba ko sau ɗaya sai don salla, kuma duk lokacin da ta ɗaga tas take jin sa. Ƙusar ce. Na faɗa mata ƙusar ce, na yi mata bayani mai tsawo a kan yadda ƙarfe ke buɗewa da zafi. Ta saurara. Yau ta zuba mini miya da yawa.

Lahadi, 19 ga Yuli, ƙarfe 1 na rana

Ba ƙusar ba ce.

Ya yi ƙara da sha biyu da minti goma. Na ɗaga: shuuu. Aka yanke. Ya sake ƙara bayan minti shida: shuuu. Na uku bai kai ƙara biyu ba. Wanda ke kiran ya tsaya layi a wani wuri, ya samu shiga sau uku, sau uku bai ji kowa ba. Mai kira daga can ba ya sanin antan ne. Abin da zai ɗauka shi ne an ɗaga, an ji muryarsa, an yi shiru.

Maki 3.

Litinin, 20 ga Yuli

Ban gwada ba yau.

Talata, 21 ga Yuli, ƙarfe 6 da rabi na safe

Na sake karanta kayen daga farko, kamar takardar jarrabawar wani. Kwana biyu kawai ya yi kyau da rana: ranar ruwa, da ranar da na je Maradi. Me ya haɗa su? Ranar ruwa babu zafi, amma ranar Maradi an yi zafi sosai, don haka Ado ya faɗi. Ban ga komai ba.

Abu ɗaya ne ban taɓa aunawa ba. Kullum ina ɗaga kai in ga antan yana duban arewa in ce lafiya lau. Ido daga ƙasa ba ma'auni ba ne. Na ɗauko alli na ja layi ɗaya daga jikin tiyon zuwa jikin katangar da ya jingina da ita, yanzu da maki yake 17. In tiyon ya motsa, layin zai rabu biyu.

Talata, ƙarfe 11 da rabi

Ya rabu. Yatsa uku.

Igiyar shanya tana ɗaure a ɗan hannun da Ɗan Azumi ya yi wa walda. Ɗayan bakinta yana jikin rumbu. In kaya sun jiƙe sun yi nauyi, igiyar ta ja hannun, tiyon ya juya, bakin antan ya bar Maradi ya koma wajen gabas. In sun bushe an kwashe, wayoyin sama su mai da shi. Yatsa uku a ƙasa, can sama ya isa. Ranar ruwa ba a yi wanki ba. Ranar Maradi mai wankin tana zaune gaban talho.

Kwana goma sha biyu ina wucewa ta gefen igiyar nan in na fita alwala. Ban dubi inda aka ɗaure ta ba don ban so in dubi abin da ke kanta. Yau na duba. Bargon Ashiru. Wandunansa biyu masu kauri. Gidan sauronsa, rigar ƙwallo, zanen gado, har tsohuwar rigar lakwal da ta daina shigarsa tun shekara takwas. Jiya ma su ne, shekaranjiya ma su ne. Bargon ya fara kodewa.

Na kama hannun na mai da layin daidai, na koma ɗaki na ɗaga talho kafin ya sake zamewa. 15, sannan 9, sannan 5.

Na rufe kayen. Jummai ta zuba abinci, na ci.

Laraba, 22 ga Yuli, bayan azahar

Da sassafe na kafa sabuwar dirka kusa da rijiya, na mai da igiyar can. Na ce mata nan rana ta fi bugawa. Ta dubi dirkar, ta dubi tiyon, ta je ta tsuguna gaban layin allin. Jummai ba ta yi lakwal ba, amma shekara ashirin da biyar tana jin ina shirya darasi da ƙarfi.

"Wanga zanen na mine ne?"

"Alama ce kawai."

"Jiya ya rabu, yau ya haɗe."

"Ƙasa ce ta jiƙe, tiyon bai zauna ba."

"Malam." Ta miƙe. "Ran Lahadi da ya kira sau uku, bargo na shanya."

"Ni na kafa abu ban gwada shi ba. Ɗan Azumi ya sa hannu daidai inda kowa zai ɗaura igiya. Da ni ne da wanki, nan zan ɗaura."

"Kai ba ka da wanki."

Ta shiga ɗaki. Ba a yi wanki ba yau. Kwanon da sabulun suna nan inda ta ajiye su, ruwan ya kwanta. 17, 17, 18. Ba wanda ya kira.

Alhamis, 23 ga Yuli

17, 18, 17, 17. Ba wanda ya kira. Ba ta ci abincin rana ba.

Jumma'a, 24 ga Yuli

18 duk wuni. Talhon ya warke. Na rubuta wannan jimlar na daɗe ina kallonta.

Asabar, 25 ga Yuli, ƙarfe 5 na yamma

Ɗan Azumi ya ce tunda iska ma na iya juya tiyon, gara a zuba masa siminti. Ya zo da hantsi, ya kwance wayoyin sama, ya haƙa gindin, ya zuba. Biyu daga cikin wayoyin sun yi tsatsa, ya tafi kasuwa neman wasu, ya ce wani ya riƙe hannun a kan layin alli har ya dawo don hadari na haɗuwa a gabas. Na miƙa hannu, Jummai ta riga ni.

"Je ka zauna wurin abinka. Ni zan riƙe."

Ta riƙe da hannu biyu, idonta a kan allin. Iska ta fara tasowa, tana kaɗa mata zane. Minti arba'in tana nan. Na fito sau biyu in karɓe ta, ko kallona ba ta yi ba.

Ƙarfe ɗaya saura kwata ya yi ƙara.

"Alo? Mushe?"

Haka Ashiru ke kirana tun yana ajina. Tas, kamar yana zaure. Na shirya abin da zan faɗa masa tun kwana goma sha shida, na ma rubuta shi a bangon kayen nan. Na ce, "Tsaya, ga innarka." Na ajiye talhon bisa tabarma na fita da gudu ba takalmi.

"Kar ki saki sai na kama. To, saki. Shi ne."

Wayar talhon ba ta kai tsakar gida. Na tsaya da hannun tiyo, iska na tura shi, ina mai da layin. Ta taga nake jin gefenta kawai.

"Ashiru. Ashiru."

Ɗan fari ne. Shekararsa ashirin da uku ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba, ko a ɓoye. Sai "yaron", sai "wancan". Yau har gidan Ado an ji.

"Na'am. Na'am. Wace ƙafa? Kana takawa? Ka ci abinci? Sake faɗi, a hankali. Bayan masallacin wa?"

Minti huɗu, a ƙiyasina. Ta fito tana maimaita kwatancen a bakinta don kar ya zube. Na ciro alli daga aljihu da hannu ɗaya na rubuta a katanga, ɗayan yana riƙe da tiyo. Ilori, unguwar masu goro, gidan wani mutumin Gabi mai suna Usman, bayan masallaci.

"Mi ya same shi a ƙafa?"

"Ya ce in ya zo."

"Inusa fa? Mota fa?"

"Ba su tare. Ban sake tambaya ba."

Na gyara layin, ya ɗan zame.

"Ya ce wani abu a kaina?"

"Ya ce mi ya sa Mushe bai tsaya ba, ko har yanzu fushin ne. Na ce shina waje riƙe da ƙarfe don ka ji ni."

"Sai ya ce mi?"

"Dariya ya yi. Ko kuka, ban rarrabe ba. Aka karɓe talhon, akwai masu jira."

Ɗan Azumi ya dawo da wayoyi ya tarar da mu biyu riƙe da hannu ɗaya na tiyo, ruwa ya fara sauka. Ya ce mutum ɗaya ya ce, ba biyu ba. Na aike shi ya kwafe katangar a takarda kafin ruwa ya wanke ta.

Makin kiran: ban sani ba, ba ni na saurara ba.

Lahadi, 26 ga Yuli, bayan la'asar

Alhaji ya kira jiya da magariba, na karanta masa kwatancen sau biyu. Yau da asuba ya kama hanyar Ilori. Siminti ya kama. Jummai ta yi wanki a sabuwar igiya, nawa da nata, bargon yana ninke a kan gadonsa. 18, 18, 17.

Gobe zan je gidan Inusa. Matarsa ta aiko sau biyu tun jiya. Ban san abin da zan faɗa mata ba, ban da cewa lambar tana aiki yanzu, kuma ta zo ta zauna kusa da ita duk lokacin da ta so.

Darasin Oktoba zan taƙaita shi. Duk wanda talhonsa ko rediyonsa ke shaƙewa a sa'a ɗaya kullum, kafin ya kira mai gyara, kafin ya sare iccen maƙwabci, ya rubuta sa'ar kwana uku. Ran na huɗu ya bar na'urar a ɗaki, ya fita tsakar gida daidai wannan sa'ar, ya tsaya ya dubi abin da mutanen gidansa ke yi. Ku gwada a gidajenku, ku zo mini da abin da kuka gani.